Rubutun Tsutsa a Cikin Sifa: Darasi Kan XML Daga Kundin Tsirran Zamfara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin ilmin halittu, ko da na zango ɗaya ne, ya san akwai laifin da malamai ba su cika yafewa ba, wato rubuta sunan kimiyya na tsiro ko dabba ba tare da an bambanta shi da sauran rubutu ba. Idan da hannu ake rubutun, sai a ja wa sunan layi a ƙasa. Idan kuwa ɗab'i ne, sai a sa shi cikin rubutun tsutsa, wato baƙaƙe masu karkata. Saboda haka kuka ita ce *Adansonia digitata* L., tsamiya kuwa *Tamarindus indica* L. Mai karatu ya lura cewa harafin L. da ke ƙarshe bai karkata ba, domin shi ba sunan tsiro ba ne, taƙaitaccen sunan Linnaeus ne, masanin ƙasar Suwidin wanda littafinsa na 1753 ya zama mafarin wannan tsari na suna biyu.

Wannan 'yar ƙa'ida ita ce ta jefa ni cikin fannin da ba nawa ba. Shekaru da dama ni da ɗalibaina muna tattara tsirrai daga kewayen Gusau, da gindin duwatsun Tsafe, da fadamun Bungudu da ke bakin Gulbin Sakkwato, har zuwa dutsen Kwatarkwashi. Mukan busar da su a tsakanin tsofaffin jaridu, mu manna a takarda mai kauri, mu rubuta sunan Hausa da na kimiyya da wuri da rana. Daga baya aka zuba bayanan cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, a fayil irin na XML. Ranar da muka so buga jerin sunayen domin jarrabawar ɗalibai, ga abin da ya fito a takarda:

`<i>Adansonia digitata</i> L.`

Sunan bai karkata ba, sai ga waɗansu alamomi sun kewaye shi. Wannan kam abin dariya ne kawai. Abin da ba na dariya ba shi ne, da muka sa na'ura ta ƙirga ire-iren tsirran da muke da su, sai ta ƙirga kuka sau biyu, ɗorawa sau biyu, domin wani ɗalibi ya sa alamomin, wani bai sa ba, ita kuwa na'ura ta ɗauke su sunaye daban-daban. Ga shi kuma da yawa daga cikin dazuzzukan da aka samo tsirran nan ba su shiguwa a yau saboda matsalar tsaro da ta addabi yankin. Abin da ke cikin kundin nan, a wasu wuraren, shi kaɗai ne shaidar da muke da ita. Kundi irin wannan bai kamata a bar shi yana faɗin ƙarya ba.

Akwati da sifa

Kafin mu kai ga matsalar, ya zama dole mu san yadda XML yake. Shi dai tsari ne na rubuta bayanai ta yadda mutum zai iya karantawa, na'ura ma ta iya. Hukumar W3C ce ta fitar da shi a watan Fabrairu na 1998, kuma ya samo asali ne daga wani tsari da ya girme shi, SGML, wanda ya zama ma'aunin duniya a 1986. A cikin XML ana zuba bayani ne a abin da zan kira akwati. Kowane akwati yana da alamar buɗewa da alamar rufewa, alal misali:

`<wuri>Tsafe</wuri>`

Akwati yana iya ɗaukar rubutu, yana iya ɗaukar wasu akwatuna, yana kuma iya ɗaukar rubutu da akwatuna a gauraye. Bayan haka akwai sifa. Ita sifa ɗan bayani ne da ake rubutawa a cikin alamar buɗewa, kamar yadda ɗan kasuwa yake rubuta sunansa da garinsa a jikin buhun hatsi kafin a ɗora a mota:

`<tsiro lamba="214" wuri="Kwatarkwashi" hausa="kuka"/>`

A nan `lamba` da `wuri` da `hausa` duk sifofi ne, abin da ke tsakanin alamomin zance kuma shi ne ƙimar kowace sifa. To, ga ƙashin bayan darasinmu: akwati yana shiga cikin akwati, amma akwati ba ya shiga cikin sifa. Ƙimar sifa jerin haruffa ce kawai, shimfiɗaɗɗiya, ba ta da reshe. Ƙa'idar XML ta haramta alamar `<` a cikin ƙimar sifa baki ɗaya, ta kuma haramta alamar `&` sai idan tana buɗe wata sakaya irin wadda za mu gani nan gaba. Hatta dabarar CDATA, wadda ake amfani da ita a cikin akwati domin a ce wa na'ura ta ɗauki rubutu yadda yake, ba ta aiki a cikin sifa.

Rubutun tsutsa kuwa, a wajen na'ura, akwati ne. Ana rubuta shi da `<i>` a farko da `</i>` a ƙarshe. Ke nan wanda ya tsara fayil ɗinmu tun farko, ya mai da sunan kimiyya sifa, ya riga ya haƙa ramin da za mu faɗa, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi.

Abin da ke faruwa a cikin na'ura

XSLT shi ne harshen da ake rubuta takardar salo da shi, wato umarnin da ke juya fayil na XML ya koma wani abu dabam: shafin intanet, ko jerin da za a buga, ko wani XML mai tsari na daban. Sigarsa ta farko ta fito a watan Nuwamba na 1999 ƙarƙashin editancin James Clark, ta biyu a 2007, ta uku a 2017, waɗannan biyun ƙarƙashin Michael Kay. Mutane da yawa suna zaton takardar salo tana karanta haruffan fayil ne kai tsaye. Ba haka ba ne, kuma rashin sanin wannan shi ne tushen ruɗanin duka.

Aikin hawa uku ne. Da farko akwai manhajar da ke yi wa fayil li'irabi, kamar yadda malamin nahawu yake feɗe jimla. Ita ce ke karanta haruffa, ta gane akwatuna da sifofi, ta gina bishiyar bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura. Sannan takardar salo ta karɓi wannan bishiya ta gina wata sabuwa. Daga ƙarshe wata manhaja, wadda zan kira mai zubawa, ta mai da sabuwar bishiyar haruffa a fayil. Takardar salo ba ta taɓa ganin alamar buɗewa ko ta rufewa. Rassa da ganyaye kawai take gani.

Yanzu mu ɗauka wani ya rubuta haka:

`<tsiro suna="<i>Adansonia digitata</i> L."/>`

Manhajar li'irabi za ta tsaya cak a kan alamar `<` ta farko da ke cikin sifar, ta ba da sanarwar kuskure, ta ƙi ci gaba. Ba a ma kai ga takardar salo ba. Babu wata dabara ta XSLT da za ta ceci wannan fayil, domin a hukunce shi ba XML ba ne. Sai an gyara shi tukuna.

Saboda haka manhajojin da ake shigar da bayanai da su sukan yi sakaya. XML ya tanadi sakayu biyar: `&lt;` a madadin `<`, da `&gt;` a madadin `>`, da `&amp;` a madadin `&`, da `&quot;` da `&apos;` a madadin alamomin zance biyu. Fayil ɗinmu haka yake:

`<tsiro suna="&lt;i&gt;Adansonia digitata&lt;/i&gt; L."/>`

Wannan ya halatta. Manhajar li'irabi za ta kwance sakayar, ta ajiye ƙimar sifar a matsayin jerin haruffa. Amma fa haruffa ne zalla. Haruffa ukun nan, `<` da `i` da `>`, ba su fi harafin A ko d daraja ba a wajenta. Idan takardar salo ta ce `xsl:value-of select="@suna"`, sai a kwafe haruffan zuwa sabuwar bishiya a matsayin rubutu. Mai zubawa kuma, da ta ga `<` a cikin rubutu, sai ta sake sakaya shi, domin aikinta ke nan, ta tabbatar rubutu ya isa ga mai karatu yadda yake. Shi ya sa alamomin suka bayyana a takardarmu. Babu manhajar da ta yi kuskure a cikin ukun. Kowace ta yi abin da aka sa ta.

Hanyar farko: a hana mai zubawa sakaya

Wanda duk ya nemi shawara kan wannan matsala, abin da za a fara gaya masa shi ne ya ƙara `disable-output-escaping="yes"` a kan umarnin `xsl:value-of`. Ma'anarsa ita ce a roƙi mai zubawa ta fitar da haruffan tsirara, ba sakaya. Idan shafin ya isa burauza, sai ta ga `<i>` ta ɗauke shi alama ta gaskiya, sunan ya karkata. Ni ma da ita na fara, kuma ta yi aiki a ranar, har na yi zaton an gama.

Illolinta suna da yawa. Ƙa'idar XSLT ba ta wajabta wa kowace manhaja ta karɓi wannan roƙo ba, kuma tun daga siga ta biyu aka ayyana shi cikin abubuwan da ake son a daina amfani da su. Yana aiki ne kawai idan akwai mai zubawa a ƙarshen layi. Burauzar Firefox, alal misali, tana ɗaukar sabuwar bishiya ta nuna ta kai tsaye ba tare da ta mai da ita haruffa ba, don haka roƙon ba ya tasiri a cikinta. Haka nan idan za a miƙa bishiyar ga wata takardar salo ta biyu. Bugu da ƙari, roƙon bai shafi abin da ake rubutawa cikin sifa ba, rubutun cikin akwati kaɗai ya shafa.

Amma babbar illar ita ce, an rufe ido an saki abin da ba a bincika ba. A kundinmu akwai inda ɗalibi ya buɗe `<i>` ya manta bai rufe ba, sai karkatar ta zarce sunan ta bi rubutun da ke biye da shi. Idan kuwa kundin na intanet ne wanda baƙi suke iya shigar da bayani, to mugu yana iya cusa umarnin ɓarna a gurbin sunan tsiro, takardar salo ta miƙa shi ga burauzar jama'a hannu bibbiyu. Wannan hanya ce sananniya ta kutse.

Hanya ta biyu: a tsinke rubutun da hannu

Wanda yake da siga ta farko kaɗai, kamar wadda ke cikin burauzoji, yana iya rubuta samfuri mai kiran kansa. Samfurin zai duba ko akwai `<i>` a cikin rubutun ta amfani da `contains`. Idan akwai, ya fitar da abin da ya gabace shi da `substring-before`, ya gina akwatin `i` na gaskiya ya zuba abin da ke tsakanin alamomin biyu, sannan ya ɗauki ragowar da `substring-after` ya sake kiran kansa a kanta, har rubutun ya ƙare. A siga ta biyu umarnin `xsl:analyze-string` yana yin wannan aiki cikin layuka kaɗan. Hanyar tana da kyau idan alama iri ɗaya ce ko biyu, kuma ba a sa wata cikin wata ba. Da zarar an fara samun rubutu mai kauri a cikin na tsutsa, ko wani ya rubuta `<I>` da babban baƙi, wani kuma `<em>`, sai samfurin ya yi ta kumbura, mutum ya wayi gari yana ƙera manhajar li'irabi da kansa, alhali akwai ta a ƙere. A lura kuma cewa a 2025 kamfanin Google ya ba da sanarwar shirin cire XSLT daga burauzar Chrome, don haka bai kamata sabon aiki ya dogara da juyin da ake yi cikin burauza ba.

Hanya ta uku: a sake li'irabi

Tunda matsalar ita ce haruffan da ke cikin sifa ba su zama bishiya ba, maganin da hankali zai kawo shi ne a mayar da su ga manhajar li'irabi karo na biyu. Siga ta uku ta XSLT ta zo da wannan a shirye, kuma manhajar Saxon, wadda ke da nau'in kyauta, tana aiki da ita. Ga yadda muka rubuta:

`<xsl:template match="tsiro">`
`  <p><xsl:apply-templates select="parse-xml-fragment(@suna)/node()" mode="suna"/></p>`
`</xsl:template>`

`<xsl:template match="i" mode="suna">`
`  <i><xsl:apply-templates mode="suna"/></i>`
`</xsl:template>`

Akwai ayyuka biyu masu kama da juna, `parse-xml` da `parse-xml-fragment`, kuma na biyun ne ya dace da mu. Dalili shi ne na farkon yana bukatar cikakkiyar takarda mai uwar akwati guda wanda ya ƙunshi kome, alhali sunan kuka akwati ne da ɗan rubutu a bayansa. Dubi kuma sunan kaɗanyar ƙasarmu: *Vitellaria paradoxa* subsp. *paradoxa*. Akwatuna biyu ne da kalma miƙaƙƙiya a tsakaninsu, domin kalmar da ke nuna matsayi ba ta karkata. Wannan guntu ne, ba takarda ba.

Alfanun wannan hanya shi ne, abin da ya fito bishiya ce ta gaskiya, kuma mu ne muke zaɓen abin da zai wuce. Mun rubuta samfuri domin `i` kaɗai. Duk wani akwati da ba mu ambata ba, ƙa'idar XSLT ita ce a yar da alamominsa a fitar da rubutun cikinsa a matsayin rubutu, wanda mai zubawa za ta sakaya. Ke nan umarnin mugu zai fito a matsayin haruffa marasa cizo.

Sai dai a nan ne marke ya kama mu. Sunansa da muka saba da shi shi ne *Anogeissus leiocarpa* (DC.) Guill. & Perr. Sunayen ƙarshen nan na masana biyu ne, Guillemin da Perrottet, waɗanda suka yi aiki kan tsirran Senegal, kuma al'adar masana ce a haɗa sunayen mawallafa biyu da alamar `&`. Haka bagaruwa take tun da aka fitar da ita daga *Acacia*, bayan muhawarar da aka yi a taron masana tsirrai na Biyana a 2005 da na Melbon a 2011: yanzu ita ce *Vachellia nilotica* (L.) P.J.H.Hurter & Mabb. A fayil ɗinmu an rubuta `Guill. &amp; Perr.` a cikin sifa, wanda daidai ne ga li'irabi na farko. Amma li'irabi na farko ya kwance sakayar, ya bar `&` tsirara. Da aka miƙa wannan ga li'irabi na biyu, sai ya ga alamar da ba ta buɗe wata sakaya ba, ya tsaya.

Mai karatu ya natsu a nan, domin wurin yana da santsi. Rubutun da za a yi wa li'irabi sau biyu, dole abin da ake so ya tsira a matsayin harafi a sakaya shi sau biyu. Alamar `<` ta rubutun tsutsa sau ɗaya ake sakaya ta, domin muna so ta farka ta zama alama a karo na biyu. Alamar `&` ta Guillemin da Perrottet kuwa harafi muke so ta zauna har ƙarshe, don haka sai an rubuta ta `&amp;amp;` a cikin sifar. Li'irabi na farko ya mai da ita `&amp;`, na biyu ya mai da ita `&`. Kamar mai tafiya ne da zai ƙetare kogi biyu: kuɗin fito biyu zai riƙe. Manhajar da ta sakaya kome sau ɗaya ba tare da bambancewa ba ta riga ta gauraya iri biyun, kuma babu yadda na'ura za ta raba su da tabbaci, sai dai da kintace.

Abin da muka yi shi ne, kafin li'irabi na biyu mun sa aikin `replace` ya mai da duk `&` da ke da fili a gabanta da bayanta zuwa `&amp;`, tunda a sunayen mawallafa haka take zuwa. Sannan muka kewaye li'irabin da `xsl:try` da `xsl:catch`, ta yadda idan suna ɗaya ya ƙi, aikin ba zai rushe duka ba. Za a fitar da lambar tsiron a wani jeri dabam domin mutum ya duba da idonsa. A cikin wannan jeri ne muka tsinci alamomin da ba a rufe ba, da kuma `&nbsp;`, wadda ta biyo rubutun da aka kwafo daga shafukan intanet. Ita wannan sakaya ta HTML ce, XML bai san ta ba, sai an musanya ta da lambarta, `&#160;`, ko da fili na yau da kullum.

Idan kuma sifa ake son cikawa

Matsalar tana da ɗaya fuskar. Wani lokaci suna yana zaune lafiya a cikin akwati da rubutun tsutsarsa, amma ana bukatar a zuba shi cikin sifa a sabon shafi, alal misali sifar `alt` ta hoto, wadda manhajar makafi take karantawa. A siga ta farko kuskure ne a gina akwati a cikin `xsl:attribute`, kuma an yarda manhaja ta yi watsi da akwatin, don haka mutum yana iya samun L. kaɗai a inda yake jiran sunan kuka. Daga siga ta biyu ana yar da alamomin a riƙe rubutun. A ganina wannan shi ne daidai: sifa wurin rubutu miƙaƙƙe ce, a ba ta miƙaƙƙe. Wanda lalle sai ya adana alamomin, akwai aikin `serialize` da zai mai da reshen bishiya haruffa, mai zubawa kuma ta sakaya su yadda ya kamata. Sai dai ya sani ya ɗaura wa na gaba da shi irin kayan da aka ɗaura mana. A kuma tuna cewa manhajar li'irabi tana mai da sabon layi da ke cikin sifa fili, don haka dogon bayani mai sakin layi, irin bayanin amfanin tsiro a maganin gargajiya, zai narke ya zama layi ɗaya.

Harshenmu ma yana da nasa tarkon. XML ya yarda a kewaye ƙimar sifa da alamar zance mai ƙwaya biyu ko mai ƙwaya ɗaya. Mai ƙwaya ɗayar kuwa ita ce muke rubuta hamza da ita, da kuma 'y. Wanda ya rubuta `sashe='ya'yan itace'` ya rufe sifarsa tun bayan harafi na biyu, fayil ya lalace. Ga rubutun Hausa, a riƙa amfani da mai ƙwaya biyu. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba su da matsala muddin an adana fayil a tsarin UTF-8; idan kuma allon rubutu ba shi da su, ana iya sa lambobinsu, wato `&#595;` domin ɓ, `&#599;` domin ɗ, `&#409;` domin ƙ. Waɗannan suna aiki a cikin sifa ba tare da wata wahala ba, domin haruffa ne, ba akwatuna ba.

Gyara daga tushe

Duk hanyoyin nan uku jinya ce. Da muka samu jerin ya fito daidai, sai muka yi amfani da hanya ta uku sau ɗaya tak, muka juya kundin gaba ɗaya zuwa sabon tsari wanda ba ya bukatar ta. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu tun farko shi ne, me ya sa ake karkata sunan? Ana karkata shi ne domin shi sunan jinsi ne da na nau'i. Karkatar ado ce ta ɗab'i. Hatta kundin ƙa'idojin sunayen tsirrai na duniya bai wajabta ta ba, al'adar editoci ce. Abin da ya cancanci adanawa shi ne ma'anar, wato wace kalma ce jinsi, wace ce nau'i, wane ne mawallafi:

`<tsiro lamba="215" wuri="Bungudu">`
`  <hausa>ɗorawa</hausa>`
`  <jinsi>Parkia</jinsi>`
`  <nauyi-suna>biglobosa</nauyi-suna>`
`  <mawallafi>(Jacq.) R.Br. ex G.Don</mawallafi>`
`</tsiro>`

Da wannan tsari takardar salo ce ke karkata jinsi da nau'i lokacin bugawa, ta bar mawallafi a miƙe, kuma ƙirga da jerantawa suna tafiya kan kalmomi tsarkaka. (Sunan akwati na uku ya zo a haka ne domin XML bai yarda da hamza a cikin sunan akwati ba, ɗalibin da ya raɗa shi kuma ya ƙi a canza.) Ba mu muka ƙago wannan tunani ba. Ma'aunin Darwin Core, wanda ƙungiyar TDWG ta amince da shi a 2009, kuma cibiyar GBIF da ke Kofanhegan take karɓar bayanan halittu da shi daga ko'ina a duniya, ya ware gurbi dabam domin jinsi, da nau'i, da ƙaramin nau'i, da matsayi, da mawallafi. Kundin da ke ɗauke da `<i>` a cikin suna zai sha wahala wajen daidaita sunayensa da na sauran ma'adanai, irin ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ko ta Kew a Ingila.

Ɗorawar nan da na kawo misali da ita tana da alaƙa da ƙasarmu fiye da yadda ɗalibai suke zato. Robert Brown, wato R.Br., ya raɗa wa jinsin suna *Parkia* ne domin tunawa da Mungo Park, kuma ya buga sunan a 1826 a rataye na littafin tafiye-tafiyen Denham da Clapperton. Shi Clapperton ya ratsa ƙasar Zamfara a 1824 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Sakkwato. Bayan shekara casa'in da biyu, a 1916, likita J. M. Dalziel ya buga ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa, wanda har yau muke duba shi idan sunan da manomi ya faɗa mana a Tsafe ya saɓa da wanda aka faɗa a Bungudu.

Inda ake bukatar rubutu gauraye da gaske, kamar bayanin da mai tattarawa ya yi cewa ya sami kauci a kan reshen *Parkia biglobosa* kusa da rafi, sai a ba shi akwatinsa, sunan ya zauna a ƙaramin akwati a ciki. Sifofi kuwa muka bar musu lamba da rana da wuri, abubuwan da ba za su taɓa yin reshe ba.

Ga aiki ga ɗaliban da ke da na'ura a kusa. A ɗauki sunan bagaruwa cikakke kamar yadda ya zo a sama, a rubuta shi a cikin sifa ta yadda `parse-xml-fragment` zai karɓe shi ba tare da taimakon `replace` ba. Sannan a ɗauka cewa wannan fayil ɗin gaba ɗayansa za a cusa shi cikin sifar wani fayil na uku, a lissafa yadda alamar `&` da ke tsakanin Hurter da Mabb. za ta koma, da yadda `<` ta rubutun tsutsa za ta koma. A aiko da amsa ta hannun edita.